Zafin Kudu Ba Irin Na Gida Ba Ne: Yadda Za a Rage Laima a Ɗaki

Duk wanda ya tashi a Kano ko Sakkwato ko Gusau ya san maganin zafi tun yana yaro. A yayyafa ruwa a tsakar gida da la'asar, a jiƙa zane a rataya a bakin taga, a cika randa a ajiye a inuwa, in dare ya yi a watsa ruwa a kwanta ba tare da an goge jiki ba. Dabaru ne masu aiki a can. Sai dai da yawanmu mun ɗauko su mun sauko da su Legas da Ibadan da Fatakwal da Anacha, muna yin su a inda ba za su ci ba. A nan kudu, kusan duk abin da ka yi na ƙara wa ɗaki ruwa don ya yi sanyi, wahalar ɗakin kake ƙarawa.

A watan Afrilu ma'aunin zafi a Kano yakan kai digiri 40, a Sakkwato har ya wuce. Legas kuwa da wuya ta haura 33 ko 34, ko a Fabrairu da Maris da suka fi kowane lokaci zafi. Amma tambayi wanda ya zauna a wuraren biyu. Zai ce maka zafin gida yana ƙona fata, in ka samu inuwa ka huta. Na nan kuwa binka yake har cikin ɗaki, ka fito daga wanka kana zufa, rigar da ka sa da safe ta manne maka kafin ka isa tashar mota. Bambancin yana cikin ruwan da iska ke ɗauke da shi, wanda ido ba ya gani. Shi ne laima.

Iska tana da iyakar ruwan da za ta iya riƙewa, kuma iyakar tana ƙaruwa in zafi ya ƙaru. Idan ka ji masu hasashen yanayi sun ce laima ta kai kashi 80 cikin ɗari, suna nufin iskar ta riga ta ɗauki kashi 80 na abin da za ta iya ɗauka, saura kashi 20 ta cika. A Legas da Fatakwal da Kalaba kashi 80 abu ne na yau da kullum, da asuba ma ya fi haka. A Kano cikin rani yakan sauko ƙasa da kashi 20.

Bari mu yi lissafin da ɗakin da muka sani, mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, irin na gidajen haya masu ɗakuna suna kallon juna. Idan zafi yana digiri 30, duk iskar da ke cikin wannan ɗaki ba za ta iya riƙe ruwan da ya wuce lita ɗaya da ɗan kaɗan ba. In laima tana kashi 80, to gurbin da ya rage bai kai rabin ledar fiya wata ba. Wannan ɗan gurbin ne zufarka da numfashinka da wankin da aka shanya da tururin tukunya duk suke rububi a kansa. Ɗauki ɗakin nan ka kai shi Kano a watan Afrilu, gurbin da ke cikin iskarsa ya ninka wannan kamar sau bakwai. Shi ya sa wanki ke bushewa a can kafin a gama ɗauraye na ƙarshe, a nan kuma ya kwana biyu a igiya yana bashi.

Zufa ba ta sanyaya jiki sai ta bushe. Bushewar ce ke tafiya da zafin. Haka randa take aiki: ruwa yana nasowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. A kan wannan hikima Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya gina dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Amma dabarar ta busasshiyar iska ce. A ranar da Kano ke digiri 40 da laima kashi 15, bushewar ruwa na iya sauko da sanyi har kusan digiri 21. A Legas mai digiri 31 da laima kashi 80, iyakarta wajen 28. Digiri uku kenan, kuma ka biya su da ƙarin ruwa a iskar ɗakinka.

Wannan ne ya sa nake hana duk wanda ya nemi shawarata sayen fankar nan da ake zuba wa ruwa ko ƙanƙara, wadda ake kira kula. A Kano ko Maiduguri cikin bazara, kuɗinka bai faɗi ba. A Agege ko Mile 12 kuwa, rabin sa'ar farko za ka ji daɗi, daga nan ɗakin ya koma kamar banɗakin da aka gama wanka da ruwan zafi. In ka riga ka saya, yi amfani da ita a matsayin fanka kawai, kar ka zuba mata ruwa, sai 'yan kwanakin da hunturu ya leƙo.

To ta yaya mutum zai san laimar ɗakinsa ta yi yawa? Akwai ɗan ma'auni mai batir da ke nuna zafi da laima tare, ana samunsa wajen masu kayan lantarki a irin su Alaba, kuma ba shi da tsada. Abin da ake so a cikin ɗaki shi ne ƙasa da kashi 60. In ya zauna sama da 70 kwana da kwanaki, fumfuna ta samu gida. Wanda ba shi da ma'auni, gishirin miya ya ishe shi. Gishiri yana fara jan ruwa daga iska ne idan laima ta kai wajen kashi 75. Zuba kaɗan a faranti ka bari ya kwana a buɗe. In ka tashi ka tarar ya dunƙule ko ya yi jiƙe-jiƙe, ka samu amsarka. Sauran alamomin kuwa kowa ya san su: ashana ta ƙi kamawa, ƙofar katako ta kumbura ta ƙi rufuwa, takalmin fata ya yi fari-fari a ƙarƙashin gado, kwado ya yi tsatsa cikin wata biyu, ka buɗe akwati wani wari ya tarbe ka.

Kafin a yi maganar magani, sai an san ta ina ruwan ke shigowa, domin hanyoyinsa uku ne kuma ba magani ɗaya suke ji ba. Akwai wanda ke tasowa daga ƙasa, wato naso. Akwai wanda ke saukowa daga sama, yoyon kwano ko fasasshen bututu ko indararon da ke zuba a jikin bango. Sai kuma wanda ke cikin iska, wanda yawancinsa mu ne ke samar da shi da hannunmu. Ga gwaji mai sauƙi. Yanko farar leda kamar faɗin tafin hannu biyu, ka manna ta a bangon da kake zargi, ka liƙe gefunanta huɗu da salatif sosai, ka bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru a bayan ledar, ta wajen bango, ruwan daga cikin ginin yake. In a fuskarta ta waje ta taru, iskar ɗakin ce ta yi nauyi.

Na fi son a fara da na iska, don shi ne a hannun ɗan haya.

Mutum guda da ke barci cikin zafi yana iya fitar da kusan rabin lita na ruwa kafin gari ya waye, ta numfashi da zufa. A ɗakin da miji da mata da yara uku ke kwana, ko ɗakin samari shida 'yan acaɓa, yi lissafin da kanka, ka tuna gurbin nan da bai kai rabin fiya wata ba. Wankin bokiti ɗaya da aka matse da hannu yana riƙe da lita biyu ko fiye, kuma in a ɗaki aka shanya, kaf ruwan nan cikin iska da katifa da bango zai ƙare. Girki kuma ta hanya biyu yake kawo ruwa. Tururin tukunya kowa yana ganinsa. Wanda ba a gani shi ne na wutar kanta: lita ɗaya ta kananzir in ta ƙone a risho tana sakin ruwa kusan lita ɗaya, kilo ɗaya na gas kuma yana sakin kusan kilo ɗaya da rabi. Tukunyar gas mai kilo 12.5, kafin ta ƙare, ta zuba wa gidanka abin da ya kusa cika jarka mai lita 20. Shi ya sa ɗakin da ake girki a ciki silinsa ke fara yin baƙin ɗigo-ɗigo ta kusurwa.

Saboda haka uwargida, in akwai baranda ko kicin na tarayya, a yi haƙuri a fitar da risho can, ko da kuwa maƙwabta na da wuyar sha'ani. In dole sai a ɗaki, a matsar da shi bakin taga, a rufe tukunya da murfi, a bar tagar a buɗe bayan an sauke na ɗan lokaci. Durom da bokitan ruwan da muke tarawa saboda matsalar famfo, a rufe su. Tawul da kayan wanka kar su kwana a bayan ƙofa. Goge ɗaki da ruwa tsamo-tsamo da daddare ma a rage, a mayar da shi hantsi, a matse tsumman sosai.

Shanya ita ce babbar rigima a watan Yuni da Yuli, lokacin da Legas ke iya yin kwana uku ba a ga rana ba. In babu makawa sai an shanya a ciki, a zaɓi wuri kusa da taga, a ware kayan kada su haɗu da juna, a juyo musu fanka. Kuma a yi guga. A nan kudu guga ta wuce ado. Akwai wani ƙuda da ke saka ƙwai a jikin jiƙaƙƙen kaya, musamman wanda aka shanya a ƙasa ko a inuwa, ko mai ɗan fitsarin yara. In aka sa kayan, tsutsar ta shige fata ta yi kumburi kamar maruru, kuma jarirai ta fi kamawa. Zafin dutsen guga yana kashe ƙwan. Sai dai a bar kayan su huce kafin a ninke su cikin akwati, don tururin guga ya fita.

Fanka ba ta cire ko ɗigon ruwa daga iska, wannan gaskiya ne. Amfaninta shi ne tana kore jiƙaƙƙiyar iskar da ta kwanta a jikin fata da bango da kaya, ta kawo wata. Fumfuna tana son inda iska ta tsaya cik, shi ya sa kullum a bayan wadirof da ƙarƙashin katifa da kusurwar da aka jibge buhunan Gana-mas-go ake samunta. Matsar da wadirof da gado daga bango kamar faɗin tafin hannu. In ɗakin na da taga biyu a buɗe su duka, in ɗaya ce a haɗa da ƙofa a saki labule, iska ta samu mashiga da mafita. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga hantsi zuwa la'asar a ranar da rana ta fito, don a lokacin ne laimar waje ke sauka. Kada dai a sa rai da yawa: buɗe taga ba zai sa ɗakinka ya fi waje bushewa ba. Abin da zai yi shi ne fitar da ƙarin da ku kuka zuba.

Katifa a ƙasa, a kan leda ko kafet, ita ce abin da na fi gani a ɗakunan 'yan uwanmu, kuma ita ce ta fi cutarwa. Zufar dare tana sauka cikin soso, ta isa ƙasa mai ɗan sanyi ta tsaya. Ɗaga katifar da ta yi wata shida a haka, ka ga abin da ke ƙarƙashinta. Wanda ba shi da halin gado, ya nemi katakon da ake jera kaya a kai a shaguna, ya ɗora ta a bisa, iska ta riƙa ratsawa. In hakan ma bai samu ba, a jingine ta da bango kowace safiya, a fitar da ita rana duk sanda aka samu. Kafet mai gashi daga bango zuwa bango, ni dai ban ga amfaninsa a ɗakin ƙasa a Legas ba. Tabarma ko darduma da za a iya naɗewa a kaɗe a shanya ta fi shi sau goma. Masu kula da masallatanmu ma su duba wannan, don ƙafafun alwala ɗari ne ke taka kafet ɗin sau biyar a rana.

Yanzu ga abin da ya sa na ce maganar ta wuce ta warin ɗaki. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan laima da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna mazauna irin waɗannan gidaje sun fi fuskantar tari da shessheka da tashin asma da cututtukan numfashi. Ban da fumfuna akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani da ke rayuwa cikin katifa da matashi, laima ce abincin ruhinsu, kuma kashinsu yana tayar da asma da atishawa. Yaron da ke tari duk dare amma in an kai shi gida hutu ya warke, a kai shi asibiti, sannan a dubi inda yake kwana. Ƙurajen zafi a wuyan jarirai, ƙyasbi, makero, cin ruwa a tsakanin yatsun ƙafa, duk fatar da ba ta bushewa suke bi. Bayan alwala a riƙa tsane tsakanin yatsu kafin a sa safa.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen abinci. Mu mutane ne masu ajiya. Mota ta zo daga gida, an aiko da buhun masara, da gyaɗa, da wake, da kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da ƙuli-ƙuli da yaji da kilishi. Duk waɗannan ranar arewa ce ta busar da su, kuma da zarar sun sauka a nan suke fara jan ruwa daga iska. Ƙuli-ƙulin da ke ƙara a baki ranar Litinin, kafin Juma'a ya yi laushi. Abin dariya, kakanninmu fataken goro a Sabo ta Ibadan da Shagamu akasin wannan suka yi ta fama da shi: su naɗe goro da ganyen fita a cikin huhu, suna yayyafa masa ruwa, don kada iskar arewa ta busar da shi a hanya. Goro ne ke son laima. Kusan duk abin da ke gangarowa daga arewa ba ya sonta.

Masara da gyaɗa su ne masu haɗari. Akwai wata fumfuna da ke kama su in sun ji laima da zafi, tana fitar da guba da ake kira afalatoksin. Gubar ba ta mutuwa da dafuwa ko suya. In ana cinta kaɗan-kaɗan tsawon shekaru tana jawo kansar hanta, kuma haɗarin yana ninkuwa ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ba baƙo ba ne a cikinmu. In ta yi yawa a lokaci guda tana kisa: a 2004 a ƙasar Kenya mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke nan Ibadan ta yi shekaru tana aiki a kan wannan guba, har ta samar da wani magani mai suna Aflasafe da ake watsawa a gona. Amma maganin gona ba zai ceci buhun da aka jingine da jiƙaƙƙen bango a Idi-Araba ba.

Don haka buhu kar ya taɓa ƙasa, kar ya taɓa bango. A ɗora shi kan katako. Hatsin da za a adana sai ya bushe ƙarau, kuma ga yadda ake ganewa: samo busasshiyar kwalba, zuba hatsin kamar kashi ɗaya cikin uku, ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, rufe ka girgiza sosai ka ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. In ya bushe, a zuba a abin da iska ba ta shiga, jarka mai murfi ko bokiti mai roba a baki, ko buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro don wake. A lura, rufe ɗanyen hatsi a irin wannan mazubi ya fi barinsa a buɗe muni. Kuka da yaji da daddawa a raba su ƙananan kwalabe, a riƙa buɗe ɗaya har ta ƙare, maimakon babbar roba guda da ake buɗewa sau uku a rana kusa da tururin miya. Gyaɗar da ta canja launi, ta yanƙwane, ko take ɗaci, a zubar. Kar a ce a ba kaji, don su ma tana kashe su.

Sai tufafi da littattafai. Shaddar da aka sa wa sitaci abinci ce ga fumfuna, don haka wadda za a daɗe ba a sa ba gara a ajiye ta ba sitaci. Kayan lefe da ke kulle a akwati shekara guda, a riƙa fito da su suna shan iska a ranar da gari ya yi haske. Alƙur'ani da littattafan karatu da takardun makaranta, kar a ajiye su a akwatin ƙarƙashin gado, a sama musu kanta a bangon da ba ya naso. Gafaka da buzu da takalmin fata su ne farkon kamuwa, a bar su inda iska ke wucewa. 'Yan ƙunshin nan masu ƙwayoyi kamar ƙanƙara da ake samu a kwalin sabon takalmi ko waya suna tsotse laima, a tara su a jefa cikin akwatin takardu, amma a nisanta su daga yara. Akwai kuma robobi masu farin gishirin kalsiyam da ake sayarwa don wadirof. Suna aiki a rufaffen wuri, za ka ga ruwa ya taru a ƙasansu, amma a buɗaɗɗen ɗaki kamar kwasar teku da ludayi ne. Gawayi ya fi ƙarfi wajen kama wari, ba wani ruwan kirki yake sha ba.

Kafur fa, farin nan mai kamar alewa da ake jefawa cikin kaya, ba ya busar da komai. Ƙwari yake kora, ya rufe wari. Kuma likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe suna gargaɗi a kansa, domin akwai jarirai da yawa da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, waɗanda kafur ke fasa musu jini ya jawo shawara mai tsanani. Kayan jariri da na mai jego, a raba su da shi kwatakwata. Turaren wuta kuwa ba ni da ja, kaya a kan kabbasa suna samun ɗumi da ƙamshi. Amma garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa, irin ta janareto. A turara da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

In fumfuna ta riga ta fito a bango, kar a kankare ta a bushe, ƙurarta za ta cika ɗakin. A buɗe taga, a rufe hanci, a sa safar hannu, a wanke da ruwan sabulu, sannan a bi da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin kashi goma na ruwa, a bari ya bushe sosai. Kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan wanke masai ko ruwan kal, haɗin yana fitar da hayaƙi mai ƙona huhu. Sosan katifa ko silin na kwali da fumfuna ta ratsa ciki ba ya wankuwa, sai canji.

Ga masu hali, na'urar sanyaya ɗaki ita ce ke cire ruwa da gaske. Ruwan da kake gani yana ɗiga ta bututunta a waje, daga iskar ɗakinka ya fito. A yawancin rimot akwai alamar ɗigon ruwa, wannan tsarin busarwa ne, kuma a damina, lokacin da zafin bai kai nauyin iskar ba, ya fi dacewa kuma yakan ci wuta kaɗan. Kuskuren da ake yawan yi shi ne sayen wadda ta fi ƙarfin ɗakin. Tana sanyaya shi cikin minti kaɗan ta tsaya, ba ta samu lokacin tsotse ruwan ba, sai ka ji sanyi mai danƙo. Haka kuma in an kashe ta, kar a buɗe taga nan take. Iska mai digiri 30 da laima kashi 80, duk abin da ta taɓa wanda sanyinsa ya kai digiri 26 zuwa ƙasa sai ta sauke masa raɓa, kamar yadda kwalbar lemo ke zufa in an fito da ita daga firji. Bangonka da tayil da madubi haka za su yi. Bututun ruwanta kuma a kai shi kwata, kar a bar shi yana ɗiga a gindin gini.

Akwai wata na'urar da aikinta kawai tsotse laima, tana tara ruwan a ɗan tanki. Ba ta sanyaya ɗaki, tana ma ɗan ƙara ɗumi, don haka ta fi amfani a sito ko shagon yadi da na takalma a kan ɗakin kwana. Mai cin wat 300, in ta yi awa takwas, ta ci abin da bai kai yunit biyu da rabi ba. A farashin da hukumar NERC ta sa wa 'yan rukunin Band A a Afrilun 2024, naira 225 kowane yunit kafin a ɗan rage, abin ya kama ɗari biyar da 'yan kai a rana. Ɗan kasuwar da ke da shadda ta miliyoyi a shago, wannan ba kuɗi ba ne a kan asarar bandir ɗaya.

Naso da yoyo kuwa aikin mai gida ne. Yawancin Legas a kan fadama da cikon yashi take, ruwan ƙasa yana kusa, ga ruwan sama da ke wuce milimita 1,500 a shekara. Fatakwal ta haura 2,000, Kalaba tana kusan 3,000, alhali Kano ba ta cika kaiwa 1,000 ba. Ginin da ba a shimfiɗa masa leda ko wani abin tare ruwa a tushe ba, bulo zai riƙa shan ruwa kamar lagwani. Za ka gane shi da layin da ya zagaye ƙasan bango zuwa kamar tsayin ƙugu, fenti yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. Abin da masu gida da yawa ke yi shi ne su manna tayil ko su shafa fenti mai maiƙo a kai. Ruwan bai tafi ko'ina ba, hanya aka toshe masa, sai ya hau sama ya ɓullo a bakin tayil ɗin. Gyaran gaske yana farawa daga waje: a gyara kwata ta riƙa gudu, a sa wa kwano mazurari ya kai ruwa nesa da bango, a yi daɓe mai gangare a kewayen gini, a toshe bututun da ke yoyo.

A Jihar Legas, dokar haya ta 2011 ta ɗora wa mai gida gyaran sassan waje na gini da wuraren da 'yan haya ke tarayya a kai, sai in yarjejeniyarku ta ce wani abu daban. Don haka a karanta takarda kafin a sa hannu, a ɗauki hoton bangon da waya, a haɗa kai da sauran 'yan haya a yi magana tare, kuma a yi ta kafin a biya kuɗin sabuwar shekara, lokacin da kunnen mai gida ke ji. Mai neman ɗaki kuma, in da hali ya je dubawa a watan Yuni ko Yuli, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ya dubi tsayin dakalin ƙofa a kan titi, ya shafa ƙasan bango da hannu, ya shinshina ɗakin kafin ejan ya buɗe taga. Sabon fenti a rabin bango na ƙasa kawai, ko tayil da ya tsaya a ƙugu a ɗakin kwana, tambaya ce da ya kamata a yi.

Sau biyu a shekara yanayi yakan ba mu sarari a kudu maso yamma. Akwai ɗan tsagaitawar ruwa daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Agusta, sai kuma hunturun da ke leƙowa tsakanin Disamba da Janairu, wani lokaci mako biyu ko uku kacal. Na Agusta ya isa a fito da katifa da akwatuna a sha iska kafin ruwan Satumba ya dawo. Na hunturu shi ne lokacin babban aiki: a ɗage ledar ƙasa a bar siminti ya bushe kwana biyu, a sake shanya hatsin da ya rage a gwada shi da kwalba da gishiri, sannan in za a yi fenti, a jira bangon ya bushe har ciki tukuna, a shafa na ruwa, wanda bango ke iya numfashi ta cikinsa.